Gaisuwar da Goggo Ta Hana Kanta

Allah da Ya ba mu aron Goggo Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi. A ɗakinta na unguwar Nuzla aka same ta, a zaune kan darduma, shayinta ko hucewa bai yi ba. Bayan La'asar aka yi mata salla aka kai ta. Da Magariba aka jera wa maza kujeru a lungu aka ja wayar fitilu, yadda ake zaman makoki a Jidda, mu mata muka taru a falon Ummi, mahaifiyata.

Falon ya cika, ba zan yi ƙarya ba. Amma na je zaman makoki da yawa, na san yadda ake yi wa mamaci. Wannan ta tuno alherinsa ta fashe da kuka, waccan ta tuno barkwancinsa a yi dariya da hawaye. A na Goggo kuwa, mace za ta shigo ta dafa kafaɗunmu, ta ce Allah Ya ba da haƙuri, ta karɓi gahawa, sai ta zuba wa kafet ido. Wata ta yi ta lalube har ta samo abin faɗa, ta ce, "Ai marigayiya ta iya miyar kuka." Wata ta ce, "Ba ta da rowa, a gaskiya." A bayana kuma na ji wata ta raɗa wa ta kusa da ita, "To, yau ma dai mu muka fara zuwa gaishe ta, kamar kullum." Suka danne dariya da bakin mayafi.

Sai Hajiya Babba ta iso, jikarta na riƙe da hannunta. Duk Bahaushen da ya zauna Nuzla ko Karantina ya san ta. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan gawar mata, ita ke sasanta miji da mata, tun kafin a haife ni. Aka ba ta kujera mai hannu. Ta yi addu'a doguwa, ta shafa, sannan ta ce, "Allah Ya yafe mata. Kowa da halinsa." Kowa ya san halin da ake nufi. Ummi ta sunkuyar da kai.

Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, domin sunan Goggo aka sa mini. Na girma ana ce mini, "Ke dai kar ki ɗauko halin takwararki." Yau ga ta a ƙasa, kuma abin da jama'a suka iya tunawa da ita shi ne miya da girman kai. Saboda haka nake wannan rubutu. Wadda ke da hakkin hana ni ta ba ni izini, za ku ji ko wace ce.

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A cikin gida ba a yi mace mai sakin jiki kamarta ba. Ran Juma'a take zuwa mana, da ƙullin kuka da daddawa daga kasuwar Bab Makka, tana shigowa tana mita wai kukar bana rabinta ƙasa ce, kuma ita za ta fi kowa sha. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "Takwara." In ka kawo mata magana a tsaye sai ta ce, "Zauna tukuna." In ka zauna ta cire tabarau ta ajiye a cinya, daga nan ka san duk hankalinta naka ne. Yaran gidanmu da Larabci ya cinye musu harshe, takan bar su su yi ta zuba da Larabcin, in sun gama ta ce, "Madalla. Yanzu maimaita mini da Hausa, na ga ko ciwon zai canza wuri."

Lokacin da na haifi ɗana na fari bai zo da rai ba, mata sun yi ta shigowa suna cewa haƙuri, wani na tafe, ai ke yarinya ce. Na gaji da kalmar haƙuri har na tsane ta. Goggo ta zo ta zauna a bakin gado tana ɓare mini lemo, tana miƙo mini har na cinye. Sannan ta ce, "Takwara, wane suna kika so ki sa masa?" Babu wanda ya tambaye ni wannan. Na faɗa mata, na yi kukan da na kasa yi tun daga asibiti. Har ta rasu, in muna mu biyu, da sunan take ambatonsa.

Wannan ita ce Goggon cikin gida. Ta waje daban ce. Ko a kasuwa, ko a biki, ko a ƙofar masallaci, Goggo ba ta fara gaishe da kowa. Ba babba, ba yaro. Za ta wuce tsohuwar da ta yi jika da ita, idonta a kan tumatir. In ke kika gaishe ta, za ta amsa da fara'a, ta tambaye ki gida da yara. In kika yi shiru, ita ma shiru. Ga mutanen da ko akuyar maƙwabci sai sun tambayi lafiyarta, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Aka ce boko ne, aka ce zaman Ingila ne, aka ce don tana da iƙama, wato takardar zama, da albashi take kallon 'yan tuwo-tuwo da masu wankau kamar ƙura. Wasu suka ce ai mai zama da taɓaɓɓu dole ta ɗan taɓu.

Asalin maganar kuwa a ranar sunana ne. An ba ni labarin har na haddace. Mata sun cika gida, Goggo ta shigo ta bi layi tana gaishe da kowa, har da durƙusawa, domin a lokacin tana gaisuwa kamar kowa. Da ta zo kan Hajiya Babba, wadda da hannunta ta karɓi haihuwata, sai ta kawar da kai ta wuce ta gaishe da ta gaba. Hajiya ta miƙe ta ɗauki mayafinta ta fita, ko naman suna ba ta taɓa ba.

Da yamma Baba ya tare yayarsa. Ummi ta ce ba ta taɓa ganin ya ɗaga wa Goggo murya ba sai ranar.

"Yaya, kin zubar mana da mutunci a garin mutane. Me Hajiya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To ki tashi mu je ki ba ta haƙuri."

"Na yi kuskure," in ji Goggo, "amma ba irin wanda kake zato ba. Kuma in na bi ka muka je, ƙara ɓata abin zan yi."

"Da na san haka, wallahi da ban sa wa 'yata sunanki ba."

Ta ce, "Halas, shi ke nan, an riga an raɗa." Ta ɗauki jakarta.

Sun daɗe ba sa cin abinci kwano ɗaya. Daga baya jini ya yi aikinsa suka shirya, amma Baba ya rasu bai san dalili ba. Tun daga sunan nan kuma Goggo ta daina fara gaishe da kowa a waje, Hajiya Babba kuwa ta zama ita ce kan gaba wajen ba da labarin girman kanta.

Aikin Goggo ma ba abin da muke faɗa da ƙarfi ba ne a gida. In an tambaye mu sai mu ce nas ce. Gaskiya ne, da aikin nas ta fara, a sashen masu taɓin hankali a gida Najeriya, aka tura ta Ingila ƙaro karatu, daga can kwangila ta kawo ta Jidda a shekarun da garin ke ta gine-gine, ita kuma ta nemo wa Baba aikin tuƙi. Amma abin da ta shafe rayuwarta tana yi shi ne zama da mutum a ɗaki ana magana. Ba allura, ba ƙwaya.

Sau ɗaya ta gaya mini mafarin abin. Mahaifiyarsu, kakata, ta rikice bayan haihuwar Baba. Aka ce iska ce. Aka yi rubutu aka yi hayaƙi, da abin ya ƙi aka kulle ta a ɗakin baya, in baƙi sun zo a ce ta tafi ganin gida. Goggo tana yarinya, ita ke tura mata kwano ta ƙarƙashin ƙyaure. Ta ce in ta tura ba ta tafiya, sai ta jingina da ƙyauren ta yi ta ba ta labarin abin da aka yi a rijiya da wanda aka yi a kasuwa, wani lokaci uwar ta amsa daga ciki. "Duk karatun da na yi daga baya," ta ce, "sunan abin da nake yi a bakin ƙyauren nan kawai aka koya mini." Baba bai taɓa ambaton wannan ba, kuma ni ma ban taɓa faɗa ba sai yau.

Su uku ne a wurin aikin, a saman benen wani ƙaramin asibitin kuɗi, ƙarƙashin lasin likitan da ke musu kafili, wato mai tsaya musu a wurin hukuma. Mutanenmu ba sa kiran wurin da suna, sai dai a ce wance "ta hau bene," a taɓe baki. Akwai Abla, Bamisiriya, cikakkiyar likita ce da ta ce ta gaji da rubuta wa mata maganin barci alhali abin da ke hana su barcin yana kwance a gefensu yana minshari. Ita ce mai doka da ƙa'ida, komai sai ta ce haka littafi ya ce. Akwai Hala, Bahaushiyar Sudan, jikar mahajjatan da suka taho a ƙasa suka yada zango a bakin kogi ba su ƙarasa ba. Mahaifinta malamin zaure ne da mutane ke kawo wa damuwa, ita kuma ta karanci halayyar ɗan Adam a jami'a. Hausarta irin ta kakanni ce, in tana magana sai ka ji kamar an buɗe tsohuwar adaka. Ta ukunsu Goggo.

Na sha zuwa kai mata saƙo, na ga ɗakin. Kujeru biyu ne iri ɗaya, ba tebur a tsakani, sai butar shayi. Goggo ta ce tebur na likita ne, ita ba gyaran mutum take yi ba, zama take yi da shi. Abin da su ukun suka yarda da shi shi ne, yawancin ciwon zuciya a tsakanin mutane ake samo shi, don haka a tsakanin mutane zai warke, kuma tsakanin farko shi ne na mai zuwa da mai sauraro. Shi ya sa ba ta zama kamar gunki. In maganarki ta taɓa ta za ta ce ta taɓa ta. In ta ga kin ɗaure fuska za ta tambaye ki, "Yau me na yi miki?" In ita ta yi kuskure za ta ce ta yi, ta nemi afuwa, ta ce sau da yawa daga nan ne aikin ke farawa, domin akwai matan da tun da aka haife su babba bai taɓa ba su haƙuri ba. Ran Laraba da yamma, ƙarshen mako ke nan a lokacin, su ukun sukan rufe ƙofa su sha shayi, kowace ta faɗi abin da aikin ya tayar mata a nata ran, su yi gardama, wani lokaci har Abla ta yi fushi ta tafi ta bar jakarta. Ran Alhamis kuwa, da ƙasan asibitin ya yi sauƙin mutane, ranar matan Karantina ce, waɗanda ba su da takarda balle abin biya. Ta matakalar baya suke hawa.

Abla ta koma ƙasarsu da tsufa ya kama ta. Hala ce ta zo zaman makokin, duk kwanakin. Ta zauna a lungu kusa da ƙofa, idonta a ƙasa, ba ta fara yi wa kowa magana ba. Na ji ana cewa, "Kin gani ko? Duk tafiyarsu ɗaya."

A rana ta biyu na ja ta kicin, wai ta taya ni duba gahawa. Na rufe ƙofa.

"Hala, kina jin abin da ake faɗa. Ke kika fi kowa saninta. Ki ce wani abu mana."

"Ina ji, ya binti, 'yata."

"To shi ke nan? A binne ta a binne sunanta? Ni ce zan yi ta yawo da sunan nan."

Ta daɗe tana juya cokali a tukunya. Sannan ta ce, "Maganar da za ta wanke ta tana bakina. Amma in na wanke matacciya, zan tuɓe wa rayayya zane a tsakiyar mutane. Ita da kanta ta ɗauki alkawarina a kan haka, ba sau ɗaya ba."

"Ko bayan ranta?"

"Ta ce musamman bayan ranta, don a lokacin ne za ki matsa mini." Ta ɗan yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Ta san ki, Takwara."

Na koma falo na zauna ina kallon fuskoki. Ban san wace ce ba, ban ma san mene ne ba. Na dai san akwai wadda ke zaune a cikinmu tana shan gahawarmu, wadda da kalma ɗaya za ta iya fid da Goggo, kuma ta yi shiru. Na ji haushinta, ko wace ce.

Rana ta uku ita ce ta rufewa. Aka dafa shinkafa da hummus, wani irin wake, yadda mutanen Hijaz ke yi, aka shimfiɗa leda aka jera tire-tire. Da ciki ya ɗauka baki ya saki. Wata maƙwabciyarmu, ba da mugun nufi ba, ta dube ni ta ce, "Ke dai Takwara, an bar miki suna, kar a bar miki hali. Ki riƙa gaishe da mutane." Aka yi 'yar dariya. Ni ma na yi yaƙe, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Hala ta miƙe a hankali ta nufi ƙofa tana neman takalminta. Sai muka ji sandar Hajiya Babba ta bugi ƙasa.

"Ɗaga ni," ta ce wa jikarta.

Aka ɗaga ta. Ta ratsa tsakanin tire-tiren da ƙyar, mata na janye ƙafafu, har ta isa bakin ƙofa. Ta tsaya a gaban Hala, wadda a haife ta haife ta, ta ce, "Hala, ina wuni. Ya bene? Har yanzu matakalar bayan nan tana da tsayi?"

Hala ta ɗago. Ta ce, "Lafiya lau, Hajiya. Tana nan yadda kika san ta."

Ba wadda ta ƙara kai loma. Hajiya ta juyo ta fuskance mu, ta dogara da sandarta da hannu biyu.

"Ku daina cin naman yarinyar nan da aka binne, ni na fara yanka muku shi. Ni na hau bene. Shekaru na yi ina hawa, kowace Alhamis, ku kuna zaton wankan jego nake zuwa dubawa."

Ga abin da ta faɗa a wurin, da abin da ita da Hala suka cike mini daga baya. Hajiya ta zo aikin hajji tana matashiya, ta bar ɗanta namiji wurin mahaifiyarta da niyyar ta yi shekara ta tara abin komawa. Shekara ta zama shekaru. Ba takarda, in ta fita ba dawowa. Yaron ya girma, ya zama saurayi, ya rasu, a bakin wata mahajjaciya ta ji. Ita da ke wanke 'ya'yan mutane tana ce wa iyayensu haƙuri, ba ta ga gawar nata ba. Ba ta yi kuka ba, don uwar unguwa ba ta kuka. Sai barci ya ƙaurace mata, hannu ya kama rawa har ta kasa riƙe jariri. Ta je asibitin don hannun, aka ce ta hau sama.

"Na shiga ina zaginta a raina," in ji Hajiya. "Na ce wannan 'yar cikina ce za ta gaya mini me? Ba ta gaya mini komai ba. Ta cire tabarau ta ce, Hajiya, ba ni labarinsa. Wata nawa ina ba ta labarin yaron nan, har hannuna ya tsaya."

Maganar gaisuwa kuwa, tun kafin Hajiya ta samo asali. A farkon aikinsu Goggo ta haɗu da wata mai zuwa wurinta a Bab Makka, ta gaishe ta da suna kamar yadda kowane Bahaushe zai yi. Matar tana tare da ƙanwar mijinta. Kafin su kai gida an tambaye ta inda ta san likitar taɓaɓɓu, kuma ba ta sake hawa benen ba. A zaman Laraba Abla ta kawo dokar da aka koya musu a makaranta: in kin haɗu da mai zuwa wurinki a waje, kar ki nuna kin san ta sai in ita ta fara. Hala ta ce dokar ta garin da maƙwabci ba ya gaishe da maƙwabci ce. Goggo ta bi Abla, don zafin abin da ya faru bai sake ta ba. Ranar sunana ta bi dokar nan ido rufe. Ba ta tuna cewa a ɗakin da aka gaishe da kowa, wadda aka tsallake ita aka nuna da yatsa ba.

"Alhamis na zagayowa na hau na same ta," in ji Hajiya. "Na ce kin kashe ni. Mata sun fara tambaya, me ya sa Hajiya kaɗai? Wata ma ta ce ta lura akwai wata da ba ki gaisarwa, kuma an taɓa ganin waccan a matakala. Saura ƙiris su haɗa. Yarinyar nan ta sauko daga kujera ta durƙusa ta ce, na yi kuskure, ki yafe mini, gaya mini yadda zan gyara. Na ce ni dai na riga na ce musu girman kai ne da ke. Sannan ta ce, to bari ya zama gaskiya."

Daga ranar ta daina fara gaishe da kowa, don kada a sake gane wadda aka tsallake. Ba za ta iya komawa gaishe da kowa ba, saboda matan Karantina da ba ta da dalilin saninsu. Sai ta zaɓi ɗayar hanyar, ta biya da sunanta. Abla ta ce wannan ya wuce abin da littafi ya nema. Hala ta yi faɗa da ita a kai har ta gaji.

"Ni na ɗinka mata rigar," in ji Hajiya, "ita kuma ta sa ta har ta mutu a ciki. Ina zaginta a biki ran Talata, in hau bene ran Alhamis ta zuba mini shayi. Wani lokaci ta ce, Hajiya, na ji na wannan makon, ya yi zafi. In ce ki yi haƙuri. Ta ce na yi, amma ya yi zafi, gara ki sani."

Ba zan ce falon ya rikice da kuka aka rungumi juna ba, don ba haka aka yi ba. Wata tsohuwa ta ce, "Haba Hajiya, wannan ai tonon silili ne, a bar wa Allah mana." Da yawa suka tashi suka nemi takalmansu, shinkafar ko rabi ba a ci ba. Maƙwabciyar da ta yi mini nasiha ta fita ba sallama. Wasu mata kaɗan, da ban taɓa kawo su a raina ba, suka tsaya a bakin ƙofa suka gaishe da Hala da murya ƙasa-ƙasa, ta amsa wa kowace kamar yau ta fara ganinta. Ummi ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Daga ƙarƙashinsa na ji tana kiran sunan Baba, tana cewa, "Ka tafi ba ka sani ba."

Kunyar da na ji a ranar farko, ta a ce Goggona ce mai girman kai, ba komai ba ce a kan wadda na ji a ranar nan. Mu da ke alfahari da gaisuwa, mun gaishe da juna safe da yamma shekara da shekaru, kuma a cikinmu uwar unguwa ta rasa wanda za ta gaya wa ɗanta ya mutu tana jin zafi, sai ta matakalar baya. Mun ce aikin Goggo abin ɓoyewa ne. Mun kulle kakata a ɗakin baya a can gida, muka zo nan muka kulle 'yarta a bakinmu.

Bayan arba'in Hajiya Babba ta aiko a kira ni. Na same ta a kwance, ta rame. Ita ta ce in rubuta. "Rubuta duka, na tsufa da ɓoyo. Suna kawai za ki bari, waɗanda suka sani sun sani." Sannan ta ce akwai abin da ya tsaya mata a wuya. Tun shekarun farko Goggo ta ce da ita, duk ranar da ta shirya, ta gaishe ta a gaban mutane, ita za ta amsa, a wuce wurin. "Kowane biki sai in ce yau ne. In gan ta ta shigo, in ga idanun mata, in ce sai na gaba."

Ta ce in sa maigidana ya kai ta maƙabarta. Na tuna mata cewa a garin nan ba a barin mata su shiga. Ta ce ta sani, ita da ta wanke rabin matan da ke ciki.

Muka je bayan La'asar. Maigidana ya tsayar da mota a jikin katangar, doguwa ce fara, ba a ganin komai ta samanta. Motoci na wucewa, wani mai sayar da ruwa yana kallonmu. Hajiya ta ce a sauke mata gilashi. Ta gyara mayafinta kamar mai shiga gidan surukai, ta leƙa da kanta waje, ta ɗaga murya yadda duk wanda ke bakin titin zai ji.

"'Yar nan, ina wuni. Ni ce. Ni na fara."

Muka jira. Ban san me muke jira ba, amma ba wanda ya ce a tafi, har aka kira Magariba.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya rufa mata asiri yadda ta rufa wa bayinSa, Ya sa mala'iku su riga ta sallama. Sunanta kuwa yana wurina, kuma yanzu in an kira ni da shi da ƙarfi nake amsawa.